Wasan da aka rufe bayan nuni 9, ɗalibai sun ɗauko shi

Nura (Amurka):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wajen Malam da Anti Rabi.

Sashenmu na wasan kwaikwayo ya zaɓi Anyone Can Whistle, wato kowa zai iya yin fito da baki, a matsayin babban wasan ƙarshen zango, kuma an sa ni mataimakin darakta. Irin wasan nan ne na Amurkawa da ake haɗa magana da waƙa da rawa. Stephen Sondheim ne ya yi kiɗan da waƙoƙin, Arthur Laurents ya rubuta labarin. An buɗe shi a Nuyok ranar 4 ga Afrilun 1964, aka rufe ranar 11 ga wata, bayan nuni 9 kacal. Tun daga nan ba kasafai ake ɗauko shi ba.

Ga labarin a taƙaice. Wani gari ne ya talauce, domin masana'antarsa ta ƙera kayan da ba sa lalacewa, wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Muƙarraban magajiyar garin, wato akanta da ma'aji da shugaban 'yan sanda, suka ɓoye famfo a cikin wani dutse, ruwa ya ɓulɓulo, aka shelanta cewa ruwan waraka ne, ita ma magajiyar ta ba da kai. Baƙi suka yi ta tururuwa, kuɗi suka fara shigowa. Sai wata nas mai suna Fay ta kwaso majinyata 49 daga asibitin masu taɓin hankali na garin, ta ce su ma a ba su su sha. Hankalin manya ya tashi, don sun san idan majinyatan suka sha ba su warke ba, asiri ya tonu. Ana cikin ja-in-ja majinyatan suka saje da masu ziyara, aka rasa gane wane ne wane. Aka sa wani baƙo da ake zaton likita ne ya tantance su, shi kuma ya raba jama'a gida biyu, ya ƙi faɗin gidan da yake na masu hankali. Can gaba ta bayyana shi kansa majinyaci ne da aka kawo asibitin.

Matsalar ita ce, biyu daga cikin 'yan wasanmu sun ce ransu bai kwanta ba. Ɗaya tana karatun aikin jinya, ɗayan kuma yayansa yana fama da ciwon. Sun ce wasan ya mayar da cuta abin raha, yana nuna kamar majinyaci mutum ne kawai da ya ƙi bin ayari. Ba mu da ikon canza ko layi ɗaya, yarjejeniyar da muka sa wa hannu da masu haƙƙin wasan ta hana. Yaya za a yi?

Shamsu:
Wa alaikumus salam. Nura, kafin a je can, ni tambayata ita ce me ya sa aka ɗauko shi tun farko? Wasan da bai wuce kwana takwas a dandamali ba, ai 'yan kallo sun gama yanke hukunci. Mu a nan idan fim ya faɗi a kasuwa, ba furodusan da zai sake zuba kuɗinsa a kan labarin. Ɗalibai suna bukatar su taɓa wasan da ya tsaya da ƙafarsa, su ga yadda ake gina shi.

Nura (Amurka):
Yaya Shamsu, faɗuwa kam ya faɗi. A shekarar ne aka buɗe Hello, Dolly! wanda aka nuna sau 2,844, ka ga irin tazarar. Amma kamfanin Columbia ya tara 'yan wasan washegarin rufewa aka naɗi waƙoƙin a faifai, kuma faifan nan ne ya hana wasan mutuwa. Mutane sun yi shekaru suna sauraron waƙoƙin ba su taɓa ganin wasan ba. An yi shi a zauren Carnegie a 1995, an sake yi a Nuyok a 2010, duka na 'yan kwanaki ne ko dare ɗaya. Kuma a cikinsa Angela Lansbury ta fara wasan waƙa a Broadway, wato manyan gidajen wasa na Nuyok, ita ce magajiyar gari. Bayan shekara biyu ta ci Tony, babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Amurka, da wani wasan.

Akwai kuma abin da ya fusata 'yan kallon farko. A ƙarshen kashi na ɗaya, likitan bogin nan yana juyowa ya dubi waɗanda suka sayi tikiti ya ce musu dukkansu mahaukata ne. Fitila ta ɗauke, da ta dawo sai ga 'yan wasan zaune a kujerun kallo a kan dandamali, suna nuna jama'a suna dariya suna tafi.

Shamsu:
To ka ji. Ka karɓi kuɗin mutum, ka zaunar da shi, ka zage shi, sannan ka ce ya dawo bayan hutu ya ga kashi na biyu da na uku. Dubi tashe. Masu tashe suna shiga gida su kwaikwayi mai rowa ko malamin da ba ya aiki da iliminsa a gaban mai gidan, ya yi dariya har ya ba da sadaka, domin an bar masa ƙofar da zai ce ai da maƙwabcina ake. Wannan wasan ya toshe ƙofar. Shi ya sa ya faɗi.

Malam Garba:
Shamsu, abin da ka faɗa game da tashe daidai ne, kuma kusan shi ne dalilin da zai sa a yi wasan a makaranta. Gidan wasa na kasuwa dole ya lallaɓa mai tikiti. Makaranta ce kaɗai wurin da za a iya gwada abin da kasuwa ta ƙi, a ga shin kasuwar ce ta yi kuskure ko marubucin. Mu a dandalinmu na laka a Samaru mun sha yin wasannin da ba za su ciyar da kowa ba, kuma daga cikinsu muka fi koyon aiki. Yaron gareji ba ya koyon gyara a kan mota mai lafiya.

Wasan yana da nakasu, kada mu ɓoye. Laurents ne ya rubuta, shi ne kuma ya ba da umarni, don haka ba a sami wanda zai ce masa rage nan, datse can ba. Ya ɗora wa labari ɗaya kaya da yawa: siyasa, addini, likitanci, aure, launin fata, yaƙi. Amma ga ɗalibi akwai riba. Akwai wani dogon yanki a ƙarshen kashi na ɗaya, wajen minti 13, inda magana da waƙa da rawa suke sarƙe da juna ba tsayawa. Duk ɗalibin da ya iya riƙe matsayinsa a wannan yanki ya koyi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba. Sannan wasa ne mai cin jama'a, kowa zai sami abin yi, ba taurari uku da sauran 'yan rakiya ba.

Nura (Amurka):
Allah ya gafarta Malam, wannan yankin ne ma yake ba mu wahala a gwaji. Da mutum ɗaya ya makara da shigowa, sai duka ya rushe.

Anti Rabi:
Nura ƙanena, na karanta tun ɗazu, na bari sai na tashi daga aiki don in amsa a natse. Ina tare da yaran nan biyu, kuma ina roƙon kada a ɗauke su masu neman ɓata shiri.

Na daɗe ina aiki a ɗakin masu taɓin hankali. Na ga saurayin da ya kwana da kwanaki bai runtsa ba, yana jin muryoyi suna zaginsa, uwarsa tana zaune a bakin gado ta rasa hawayen kuka. Na ga mai jegon da take tsoron ɗaukar jaririnta. Waɗannan ba mutane ba ne da suka ƙi bin ayari. Ciwo ne yake cin su, kuma da za ka tambaye su, babban burinsu su koma cikin jama'a su yi abin da kowa yake yi: su je kasuwa, su je biki, a gaishe su yadda ake gaida kowa.

Na san daga inda tunanin wasan ya fito. A 1955 asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka suna ɗauke da sama da mutum dubu 550, da yawa an jibge su ne kawai an manta da su. Dole a sami masu tawaye. Thomas Szasz, wanda shi kansa likitan ƙwaƙwalwa ne, ya fitar da littafi a 1961 yana cewa abin da ake kira ciwon hauka ƙirƙira ce. Shugaba Kennedy ya sa hannu a wata doka ranar 31 ga Oktoban 1963, makonni uku kafin a kashe shi, don a gina ƙananan cibiyoyi a cikin unguwanni a rage manyan asibitoci. Wata biyar bayan nan aka buɗe wasanku, ka ga iskar da take kaɗawa ke nan. To me ya biyo baya? An kwashe mutane daga asibitoci, cibiyoyin kuwa kusan rabi kawai aka gina, kuɗin tafiyar da su ma bai ɗore ba. Da yawa suka ƙare a titi ko a kurkuku. Kai da kake can ka fi ni ganinsu a bakin tashoshi. Kalmar nan mai daɗi, a sake su ai lafiyarsu ƙalau, wasu sun biya ta da rayuwarsu.

Malam Garba:
Hajiya Rabi, Allah ya saka miki. Ban ja da ko ɗaya daga abin da kika faɗa ba. Inda na tsaya daban shi ne, a karatuna wasan bai damu da cutar ba, ya damu ne da wanda yake riƙe da jerin sunaye.

Dubi kashi na uku. Gwamna ya aiko wa magajiyar gari saƙo cewa idan ba a mayar da mutum 49 asibiti kafin faɗuwar rana ba, za a tsige ta. Ba sunaye ya nema ba, adadi ya nema. Sai muƙarrabanta suka ce ai abin da sauƙi, a kama duk wanda aka samu har lissafi ya cika. Aka bi titi ana dama mutane ana jefawa a mota. Nan ne cibiyar wasan. Kuma Laurents ya san ciwon jerin sunaye a jikinsa, domin a zamanin farautar 'yan gurguzu a Amurka, shekarun McCarthy, sunansa ya shiga baƙin littafi, ƙofofin aikin fim suka rufe masa na wani lokaci. Mutumin da aka taɓa rubuta sunansa a takarda aka hana shi abinci, idan ya rubuta wasa a kan hukuma mai raba mutane gida biyu, ba da majinyata yake faɗa ba.

Anti Rabi:
Malam, na yarda da niyyarsa. Amma ya ari rigar majinyata ya yi faɗansa da hukuma, su kuma bai tambaye su ba. Ko da yake, maganar kamu don cika adadi ta taɓa ni. Mu nan sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin nan dokar 1958 muke amfani da ita, wadda asalinta na Turawan mulki ne tun 1916, kuma ruhinta tsarewa ne ba magani ba. Kowa kuma ya tuna Rigasa a Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa. A cikinsu akwai marasa lafiya, akwai kuma waɗanda laifinsu kawai sun gagari iyaye. Don haka tambayar wa yake da ikon cewa wane ba shi da hankali, tambaya ce ta gaske. Ban so ne a amsa ta da cewa babu mara lafiya.

Mushe Issoufou (Damagaram):
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa. Mu da muka yi lakkwal ta Faransanci, wasan da muka sani kan wannan batu shi ne na Ionesco na 1959, inda mutanen gari suke rikiɗa suna zama karkanda ɗaya bayan ɗaya har saura mutum guda. Shi ya ga abokansa a Romaniya suna faɗawa ƙungiyar 'yan fasist a shekarun 1930, don haka bin ayarin da yake tsoro bin ayari ne mai kisa. Wannan na fahimce shi.

Abin da ban gamsu da shi ba a irin wasannin Amurkawa shi ne yadda suke ɗaukar duk mai bin al'adar jama'a a matsayin wanda ya mutu a tsaye. Wanda ya je aiki kullum, ya riƙe aurensa, ya yi zumunci, shi ne abin tausayi, wanda ya yi watsi da komai shi ne gwarzo. To Hajiya Rabi ta faɗa mana, uwar da ke zaune bakin gadon nan me ya zaunar da ita? Ba abin da aka ce ya wajaba a kanta ba ne? Ranar da kowa ya ce zai bi son ransa, majinyaci ne zai fara kwana shi kaɗai.

Zainab:
Kawu Issoufou, akwai bambanci tsakanin zumunci da zama 'yan amshin Shata. Shi wasan, da na biyun yake. Mutanen garin suna zagin magajiya da safe, ruwa ya fito suna yi mata kirari, likitan bogi ya zo suka koma bayansa, aka kashe famfo aka ce laifinsa ne suka bi shi da gudu za su kama. 'Yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ke nan, kuma ba su ne za su zauna bakin gadon kowa ba.

Mun karanta gwajin Solomon Asch na 1951 a aji. Ana nuna wa mutum layuka a kati a ce ya faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Amma sauran da ke ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya. Wajen kashi 75 cikin ɗari sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu yana ganin gaskiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Ba kaɗaici mutum yake bukata don ya tsaya a kan abin da ya gani ba, abokin tsayuwa yake bukata.

Mushe Issoufou (Damagaram):
'Yata, wannan na ƙarshen na karɓa hannu biyu. Amma a duba ko wasan ya faɗi hakan, ko ke ce kika taimake shi.

Ustaz Kabiru:
Ni damuwata ɗaya ce. Ruwa daga dutse mu'ujiza ce ta Annabi Musa, alaihis salam. Ba a yi izgili da wannan ba?

Nura (Amurka):
Ustaz, ba a ambaci wani annabi ba. Abin da marubutan suka hara shi ne kasuwancin da ake ginawa a wuraren ziyara. Har akwai inda Fay take ɓad da kama ta ce an aiko ta daga Lourdes, garin nan na Faransa da Kiristoci suke zuwa neman waraka tun 1858, don ta binciki ruwan. Masu laifi a wasan su ne waɗanda suka dasa famfo suna sayar wa masu bukata da ƙarya. Amma ba zan ce maka mai imani zai kalli komai ransa fes ba, akwai wuraren da ni ma nake jin nauyinsu.

Zainab:
Yaya Nura, shi fiton fa, ina ya shigo? Mu dai tun muna yara ake kwaɓar mu, mace ba ta yin fito.

Nura (Amurka):
Fay ce ba ta iya ba. Mace ce mai tsari, duk abu mai wuya ta iya shi, amma ta kasa sakin jikinta ta yi abu mai sauƙi irin fito ko nuna ƙauna. Ba ta iya sakewa sai ta sa gashin kanti ja ta zama wata. Waƙar da take faɗin haka ita ce mafi sanyi a wasan, kuma ita mutane suka fi sani.

Anti Rabi:
Tunda ba za a canza rubutu ba, ga abin da nake roƙo. Kada a sa wa majinyatan tsumma, kada a yamutsa musu gashi, kada wani ya riƙa zare ido yana dariya shi kaɗai. A yi musu sutura irin ta kowa. Labarin ma haka yake bukata, in ba haka ba ta yaya suka saje?

Sai wani abu. Na tambayi Nura ta gefe, ya ce mini akwai inda nas ɗin take yayyaga fayil-fayil na majinyata, su kuma su ɓarke da rawar 'yanci. Wallahi wannan ya fi komai yi mini zafi. Fayil shi ne yake gaya mini maganin da ya karɓi mutum da wanda ya kusa hallaka shi. Nas ɗin da ta yaga fayil ba 'yantar da kowa ta yi ba.

Malam Garba:
Amma takardar da take kare shi a hannunki, ita ce take kama shi a hannun magajiya.

Nura (Amurka):
Anti, akwai ci gaban da ban ba ki ba. Yagawar ba ta yi amfani ba. Da aka shiga kamun kan mai uwa da wabi, sai babban likitan asibitin ya tona cewa Fay ta san majinyatanta a ka. Aka ce mata ko ta nuna su, ko a kulle waɗanda ba ruwansu. Da bakinta ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ɓoye baƙon nan kaɗai.

Anti Rabi:
To a nan ya kamata ku tsaya ku yi aiki. Wannan na san shi, na sha tsayawa a tsakanin iyali da majinyaci, kowane ɓangare na zaɓa sai na cuci wani. Ku ba yarinyar da take wasan lokaci, ta kira kowane suna kamar ta san mai shi, kowa kuma ya amsa irin tasa amsawar. Idan 'yan kallo suka ga mutane ne ake kira ba garke ba, rabin kukan yaran nan biyu ya tafi.

Shamsu:
Anti, a yi hattara dai. Wasan barkwanci ne. Kamun ma da rawa ake yin sa. Idan aka mayar da komai makoki, za a sami wasan da ba dariya ba kuka, ya fi na 1964 faɗuwa. Ni a ganina a bar kamun ya ba da dariya sosai, har mutane su saki jiki, sannan kiran sunayen ya zo musu ba shiri.

Malam Garba:
Shamsu ya yi magana irin ta mai sana'a. Nura, ka kai wa darakta shawarar biyu tare, amma a matsayinka na mataimaki, a keɓe, ba a gaban 'yan wasa ba. Kuma ka nemi a ba yaran nan biyu shafi a takardar shirin da ake raba wa 'yan kallo, su rubuta ƙorafinsu da sunansu. Wannan bai taɓa yarjejeniya ba.

Nura (Amurka):
Na gode Malam, na gode kowa. Darakta ta riga ta ware dare ɗaya na tattaunawa da 'yan kallo bayan an tashi, zan nemi su biyun su jagoranta. Anti, mai karatun jinyar za ta so jin maganar fayil daga bakinki. Idan na haɗa ku a waya ranar Asabar, wane lokaci ne ba kya wajen aiki? Kun riga mu da awa shida.

Anti Rabi:
Bayan sallar isha'i. Ka ce mata ta zo da rubutun kashi na uku, ina so ta karanta mini wurin kiran sunayen in ji yadda aka tsara shi.